Ruwan Ashkelon da ruwan Gaza

A nan Turai, idan zancen Isra'ila ya taso tsakanin masana kimiyya, abin da ake fara yabawa shi ne yadda ta wadata kanta da ruwa alhali fiye da rabin ƙasar hamada ce. A gida kuwa, daga Kano har Damagaram, zancen Falasɗinu zancen Ƙudus ne da jinin da ake zubarwa. Ba kasafai ake haɗa maganganun biyu a zama ɗaya ba, kuma a ganina nan ne kuskuren yake. Wanda ya bi sawun ruwa zai ga inda aikin kimiyya ya tsaya, inda kuma halin ɗan Adam ya karɓa.

Yabon da ake yi ba na banza ba ne. Ban-ruwa na ɗigo-ɗigo a can ya bunƙasa, tun da aka kafa kamfanin Netafim a 1965. Kusan kashi 85 cikin ɗari na ruwan da ya fita daga bayan gida da wurin wanka ana tace shi a mayar gona. Babban aikin kuwa shi ne cire gishiri daga ruwan Bahar Rum. Ana janyo ruwan teku, a tace yashi da gansakuka, sannan manyan injuna su matsa shi da ƙarfi ya ratsa wata fata mai ƙananan ƙofofi da gishiri ba ya iya wucewa. A lita 100 ana samun kamar 45 na sha, sauran ya koma teku. Kubik mita ɗaya, wato lita 1,000 ko jarka 40 irin ta 'yan ga-ruwa, yana cin lantarki wajen kilowat 3 zuwa 4 na awa guda. Tashar tace ruwan teku ta Ashkelon, garin Isra'ila da ke kusa da Gaza, ta fara aiki a 2005, ta Hadera a 2009, ta Sorek a 2013, kuma yau mafi yawan ruwan famfo a gidajen Isra'ila daga teku yake. Ma'anar wannan a fili take: uzurin cewa ruwan yankin bai isa kowa ba ya faɗi.

To, a leƙa Yammacin Kogin Jordan. A Nuwamban 1967 sojan Isra'ila ya fitar da umarni mai lamba 158, wanda ya hana Bafalasɗine haƙa rijiya ko kafa wani sabon aikin ruwa sai da izinin soja. Yarjejeniyar Oslo ta 1995 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa ta raba ruwan da ke ƙarƙashin duwatsun yankin: kubik mita miliyan 483 a shekara ga Isra'ila, miliyan 118 ga Falasɗinawa. An ce rabon na wucin gadi ne, na shekara biyar. Shekara talatin ke nan, jama'a sun ƙaru ƙwarai, rabon bai motsa ba. Giɓin da ya rage sai su saya daga Mekorot, kamfanin ruwan Isra'ila, kuma da rani ana rage abin da ke isowa garuruwansu. Shi ya sa baƙaƙen tankuna suka cika rufin gidajensu.

Matsalar Gaza ta fi wannan muni, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Ruwan sama yana mayar wa ƙarƙashin ƙasar zirin kubik mita miliyan 55 zuwa 60 a shekara, kafin yaƙin 2023 kuma mutane fiye da miliyan biyu suna janye kusan ninki uku na wannan. A bakin teku, ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa yana zaune ne a kan ruwan gishiri. Idan ya sauka da mita ɗaya, na gishirin yana iya hawowa da kimanin mita 40, kuma rijiyar da gishiri ya shiga ba ta gyaruwa a shekara ɗaya ko biyu. Daga sama kuma masai da takin zamani suna tsiyaye sinadarin naitiret, wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba, domin yana hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi. Tun 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi a kan wannan ruwa, kuma tun kafin yaƙin 2023 fiye da kashi 95 cikin ɗarinsa bai dace da sha ba.

Adalci ya wajabta a faɗi laifin ɗaya ɓangaren. Dubban rijiyoyi aka haƙa a Gaza ba tare da lasisi ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ke shiga bututun Falasɗinawa yana salwanta a hanya. Hamas da kanta ta nuna mayaƙanta suna tono bututun ruwa suna ƙera roka, abin da ya ƙarfafa hujjar hana shigar da kayan gyara. Kashe mutum kimanin 1,200 a harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023, akasarinsu fararen hula, da yin garkuwa da wasu kimanin 250, zalunci ne, kuma wanda ya san hukuncin ran mace da yaro a yaƙi bai kamata ya yi kwana-kwana a kansa ba.

Amma jaririn Khan Yunis da ke Gaza bai kai wa kowa hari ba. Kwana biyu bayan harin, ministan tsaron Isra'ila na lokacin, Yoav Gallant, ya sanar da rufe zirin ruf, aka datse wuta da mai, aka rufe bututun ruwa. Duk injiniyan ruwa ya san abin da ke biyo baya: injin tace ruwan teku ya tsaya, famfon burtsatse ya tsaya, injin kwashe najasa ya tsaya, ƙazanta ta malalo kan titi ta gangara rijiya. A Yulin 2024 aka gano ƙwayar shan-inna a dagwalon Khan Yunis da Deir al-Balah, a Agusta kuma ta shanye ƙafar wani jariri ɗan wata goma, karo na farko cikin shekara 25. Mu da muka ga abin da shan-inna ta yi wa yaran Arewa ba ma buƙatar a yi mana bayani. A Maris 2025 aka sake yanke layin lantarkin da ke kai wa tashar tace ruwa ta Deir al-Balah, wadda UNICEF da Tarayyar Turai suka buɗe a 2017. Ita kuma najasa ba ta san iyaka ba: a 2016 ƙazantar da ta kwararo daga Gaza ta sa an dakatar da tashar Ashkelon.

Rikicin na sama da na ƙasan kogi ba baƙonmu ba ne. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, Kano ta samu noman rani da ruwan famfo, fadamar Haɗeja da Nguru kuma ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman Yobe suka ji a jikinsu. Can ma lissafin injiniya daidai yake, rabon ne ya karkata. Sai dai manomin Gashuwa yana da ƙuri'a, yana da ɗan majalisa da gwamna da zai kai wa kuka, ko da za a daɗe ba a saurare shi ba. Manomin Kwarin Jordan kuwa yana neman izinin rijiya ne daga rundunar da bai zaɓa ba, ba kuma zai iya saukewa ba, yana kallon bututun Mekorot ya wuce ta gefen gonarsa zuwa matsugunin 'yan kama-wuri-zauna.