Kada Wikipedia ta riga masu bincike yanke hukunci a kan haɗarin jirgin sama

A duk lokacin da jirgin fasinja ya sauka ya kasa tsayawa, ya zarce ƙarshen titinsa ya faɗa rami ko ya afka wa gini, ba a cika ɗaukar sa'o'i ba kafin wani ya buɗe masa maƙala a Wikipedia. Hayaƙi bai gama tashi ba, ma'aikatan ceto ba su gama ƙirga waɗanda suka tsira ba, amma tuni an rubuta lambar jirgin da ƙirarsa da kamfanin da ya mallake shi, an kuma kafa ɗan akwatin nan na gefen shafi wanda ke taƙaita bayanai, har da layin da ke neman a faɗi abin da ya faru a cikin kalmomi kaɗan. Wannan layi shi ne abin da ya fi damuna, domin a ranar farko babu mutum ɗaya a duniya da ya san cikakkiyar amsarsa, amma kuma shi ne abin da mai karatu zai fara gani, shi ne kuma abin da zai tafi da shi.

Ra'ayina shi ne, maƙalar da ta dace da kundin ilimi a kan irin wannan haɗari ita ce wadda ta yi saurin faɗin abin da aka tabbatar, ta kame bakinta a kan dalili har sai masu bincike sun yi magana, sannan wani ya dawo mata bayan shekara ɗaya ko biyu ya sake gina ta a kan rahoton ƙarshe. Kashi na farko ana yin sa da zumuɗi. Kashi na biyu yana buƙatar haƙuri. Kashi na uku kuwa, wanda ya fi kowanne amfani, shi ne aka fi sakaci da shi.

Babu misalin da ya fi nuna haka kamar haɗarin jirgin kamfanin TAM mai lamba 3054 a filin jirgin saman Congonhas da ke birnin Sao Paulo na ƙasar Burazil, ranar 17 ga Yulin 2007. Jirgin, ƙirar Airbus A320, ya sauka ana ruwan sama, ya ƙi rage gudu, ya karkata hagu, ya tsallake wani babban titin mota, ya afka wa ginin sashen dakon kaya na kamfanin da gidan mai da ke kusa da shi. Mutum 199 ne suka mutu, 187 a cikin jirgin, 12 a ƙasa. Nan da nan jama'a da kafafen labarai suka ɗora laifin a kan titin saukar, kuma suna da hujja mai kama hankali: ba a daɗe da sake shimfiɗa masa kwalta ba, ba a kuma yanka masa ƙananan kwarurukan da ke tsiyaye ruwa ba tukuna, ga shi gajere, ga shi kuma matuƙa sun riga sun yi ta ƙorafin santsi. Duk wanda ya rubuta a makon farko cewa santsin titi ne ya kashe mutanen nan zai samu jaridu da dama da zai kafa hujja da su. Sai dai da aka karanta na'urorin naɗar bayanan jirgin, sai aka ga wani abu daban. An riga an kashe na'urar da ke juya ƙarfin injin dama zuwa baya saboda tana da matsala, abin da ƙa'ida ta yarda a tashi da shi na ɗan lokaci. A yayin sauka an ja sandar injin hagu baya, amma ta injin dama ta tsaya a matsayin da ake barin ta lokacin hawa sama. Wato inji ɗaya yana ƙoƙarin tsayar da jirgin, ɗayan yana tura shi gaba, kuma saboda haka faifan da ke miƙewa a kan fukafukai su danne jirgi a ƙasa ba su miƙe ba, birkin da ke kama kansa shi ma bai kama ba. Sai a 2009 hukumar binciken haɗuran jiragen sama ta Burazil, CENIPA, ta fitar da rahotonta na ƙarshe.

Wani zai ce ai shi ke nan, sai a goge santsin titi a rubuta kuskuren matuƙi. A nan ma an sake faɗawa tarkon farko ta wata ƙofa. Rahoton bai tsaya a kan sandar inji ba. Ya yi magana a kan horon matuƙa, da yadda jirgin ke gargaɗin matuƙi ko yake yin shiru a irin wannan hali, da matsin da sauka a gajeren titi mai ruwa ke jefa mutum a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maƙalar da ta ambaci ƙadangaren ta manta da bangon ba ta yi ƙarya ba, amma ta bar mai karatu da fahimtar da ba za ta hana irin wannan haɗari sake faruwa ba.

Akwai dalilin da ya sa binciken ke ɗaukar lokaci, kuma ya kamata duk mai gyara a Wikipedia ya san shi kafin ya taɓa irin wannan shafi. Ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, waɗanda ke cikin rataye na 13 na yarjejeniyar Chicago ta 1944, sun tanadi cewa ƙasar da haɗarin ya faru a cikinta ita ke jagorantar bincike, ƙasashen da suka ƙera jirgin ko suka yi masa rajista kuma suna da damar turo wakilai. Ana sa ran rahoton farko a cikin kwana 30, rahoton ƙarshe kuma a cikin wata 12 idan ya yiwu, idan bai yiwu ba a riƙa fitar da bayanin inda aka kwana duk shekara. Rahoton farko yakan jero abin da aka gani ne kawai, ba ya yanke dalili. Abu mafi muhimmanci kuma, ƙa'idar ta ce manufar binciken ita ce hana aukuwar haɗari a gaba, ba raba laifi ko alhaki ba. Idan ƙwararrun da ke riƙe da tarkacen jirgin da muryoyin matuƙa suna taka-tsantsan haka, ban ga abin da zai ba wa mai gyara da ke zaune gaban kwamfuta, yana kallon bidiyon da wani ya ɗauka da waya, ƙarfin halin riga su ba.

Wikipedia ma tana da dokokin da suka hana haka, tun daga buƙatar kowace magana ta zo da madogarar da za a iya dubawa, zuwa haramta wa mai gyara shigar da nasa binciken ko nasa hasashen, zuwa tsayawa tsaka-tsaki. Matsalar ita ce a makon farko madogaran da kansu hasashe suke yi. Jarida ta gayyato tsohon matuƙi ya faɗi abin da yake zato, wata jaridar ta kwafa ta cire kalmar zato, mai gyara ya ɗauko ya manna a shafi da lambar madogara a gefe, sai maganar ta yi kama da tabbatacciya. Wani lokaci ma ɗan jaridar da ke gaggawa yakan ɗauko daga Wikipedia ya buga, sannan a dawo a kafa hujja da labarinsa a kan maganar da asalinta daga shafin ta fito. Saboda haka kasancewar madogara kaɗai bai isa ba. Sai an tambayi wane ne ya faɗa, da wane matsayi, kuma a rubuta sunan mai maganar a cikin jimlar maimakon a bar ta tana magana da bakin kundin.

Haɗarin jirgin Jeju Air mai lamba 2216 a filin jirgin saman Muan na Koriya ta Kudu, ranar 29 ga Disambar 2024, ya nuna wahalar cike ɗan layin taƙaitawar nan. Jirgin, ƙirar Boeing 737-800, ya taso daga Bangkok, matuƙansa sun sanar da karo da tsuntsaye, suka fasa saukar farko, suka juyo suka sauka da cikin jirgin ba tare da tayoyi sun fito ba, ya zarce titin ya daki wani tudu mai kankare da aka kafa na'urar jagorar sauka a kansa. Mutum 179 daga cikin 181 suka mutu. Na'urorin naɗar bayanai biyun sun daina aiki kimanin minti huɗu kafin karon. To me za a rubuta a layin? Idan aka ce karo da tsuntsaye, an wanke kowa. Idan aka ce sauka babu tayoyi, ido ya koma kan matuƙa ko kan jirgin. Idan aka ce karo da ginin kankare, an nuna waɗanda suka tsara filin da yatsa. Kowanne gaskiya ne, kuma kowanne zaɓi ne da ke da nauyi a kan mutane masu rai da iyalan mamata. A watan Yulin 2025 hukumar binciken ƙasar ta soke wani taron manema labarai bayan iyalan sun nuna adawa da abin da ta shirya sanarwa. A irin wannan hali abin da ya dace shi ne layin ya jero abubuwan da suka faru bi da bi, ya ƙara da cewa ana bincike, ko da kuwa hakan bai yi wa ido daɗi ba.

Ba na cikin masu cewa a hana buɗe maƙalar har sai an gama bincike. Mutane za su nemi labari a daren da abin ya faru, kuma idan ba su same shi a wurin da ke tace magana ba, za su same shi a kafafen sada zumunta inda babu mai tambayar madogara. Shafin Wikipedia yana da abin da ba a cika samu a wani wuri ba: kowane gyara yana nan a ajiye da lokacinsa, akwai shafin tattaunawa inda ake jayayya a fili, kuma masu kula suna iya taƙaita gyara ga tsofaffin editoci idan hayaniya ta yi yawa. Akwai kuma abubuwa da yawa da za a iya faɗa a ranar farko ba tare da tsoro ba, kamar tsawon titin, da yanayin samaniya da aka sanar a hukumance, da shekarun jirgin, da adadin mutanen da ke ciki, da hukumar da ta karɓi bincike. Adadin mamata shi ma a rubuta shi tare da wanda ya bayar da shi da ranar da ya bayar, domin yakan canza.

Batun sunaye ya fi wannan sarƙaƙiya. Matuƙin da ya tsira mutum ne mai rai, kuma dokar kundin a kan rubutu game da masu rai ta shafe shi. Wanda ya mutu kuma ya bar iyali da za su buɗe shafin su ga sunan mahaifinsu kusa da zargin da ba a tabbatar ba. Sa'o'in da matuƙi ya yi yana tuƙi da ƙwarewarsa a kan irin jirgin suna da amfani ga mai son fahimta, sunansa kuwa da wuya ya ƙara wani abu a makon farko. Jerin sunayen fasinjoji ma ba aikin kundin ilimi ba ne, komai kyawun niyyar mai son karrama su.

Sai kuma aikin da ba ya jan ido. Jirgin Air France mai lamba 358 ya zarce titi a Toronto ranar 2 ga Agustan 2005 cikin hadari mai tsawa, ya faɗa kwari ya kama wuta, amma duk mutum 309 da ke ciki suka tsira. Rahoton hukumar binciken haɗura ta Kanada bai fito ba sai a Disambar 2007, kuma a cikinsa ne aka ga cewa jirgin ya taɓa ƙasa bayan ya wuce babban kaso na titin, an kuma yi jinkirin juya ƙarfin injina baya. A Mangalore ta Indiya, ranar 22 ga Mayun 2010, mutum 158 suka mutu a jirgin Air India Express da ya zarce titin sauka da ke kan tudu, kuma bincike ne ya bayyana cewa kyaftin ɗin ya yi barci mai tsawo a cikin tafiyar, ya kuma ci gaba da sauka duk da mataimakinsa ya yi ta kiran a fasa. Bayan shekara goma, ranar 7 ga Agustan 2020, wani jirgin kamfanin ya zarce titin Kozhikode, wanda shi ma a kan tudu yake, mutum 21 suka mutu. Mai karatun da ke son sanin ko an aiwatar da shawarwarin da aka bayar bayan na farkon kafin na biyun ya faru, a irin waɗannan maƙalolin zai nema, kuma ba zai samu ba sai idan wani ya zauna ya karanta ɗaruruwan shafukan rahoto a lokacin da kafafen labarai suka daɗe da juya baya. A nan ne ya kamata a bayyana masa cewa ICAO ta wajabta aƙalla mita 90 na filin kariya bayan ƙarshen titi, ta kuma ba da shawarar mita 240 ga manyan tituna, da kuma cewa wasu filayen da ba su da sarari suna shimfiɗa wani irin kankare mai rugurgujewa wanda tayoyi ke nutsewa a ciki ya tsayar da jirgi.

Wannan sakaci ya fi muni a sassan Wikipedia na harsunan da ke da ƙarancin editoci, har da na Hausa. Sau da yawa akan fassaro maƙala daga sashen wani babban harshe a lokacin da labarin ke da zafi, sannan a bar ta yadda take. Ta asalin za ta ci gaba da canzawa, a cire hasashen farko, a saka sakamakon bincike, amma fassarar tana nan tana maimaita abin da aka yi zato a mako na farko, babu kuma abin da zai nuna wa mai karatu cewa an wuce wurin. Wanda ya fassara irin wannan maƙala ya kamata ya rubuta a cikinta ranar da bayanan suka tsaya, ya saka shafin a jerin waɗanda yake sa wa ido, ya kuma koma masa idan hukumar bincike ta fitar da rahotonta na ƙarshe.