Zafin Mayu a Ɗa'ifa: labarin bai faɗi duka ba

Wani labarin jarida ya ce zafi ya shigo Ɗa'ifa, garin da ke kusa da Makka, sanyi ya wuce. Da rana haka ne, a watan Mayu awo kan haura digiri 30, amma ai ba a gwada shi da Makka inda ake wuce 40. Garin na kan tudu kusan mita 1,800, kuma duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kamar digiri 6, shi ya sa Shafa da Hada, yankunan kusa da garin da suka fi shi tudu, suka fi cikin gari sanyi, da dare sai da rigar sanyi ga yara da tsofaffi. Abin da marubucin ya tsallake shi ne ruwa. Afrilu da Mayu ne lokacin hadarin la'asar: rana ta gasa duwatsu, iska mai laima ta hau, sai tsawa da ƙanƙara, kwari ya cika cikin mintuna ko da ba a yi ruwa a inda kake ba. Mai sharhin da ya ce a yada zango cikin kwari saboda inuwa, don Allah ka janye maganar nan. Masu tasowa daga Makka, ku hau da safe, ku duba ruwan lagireto. Wajen gangarowa a sa ƙaramin giya, yawan taka birki na sa shi ya yi zafi ya daina kamawa. In hazo ya sa an rufe hanyar Hada da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa, a bi ɗaya hanyar, wato ta Sail. Me ya hana jaridar kawo gargaɗin hukumar yanayi?