Daren da Bitrus ya yi wa nassi gardama

A cikin maganganun da suka zama ruwan dare a bakin masu bi a wannan zamani, babu wadda ta kai "haka na ji a zuciyata" saurin rufe bakin jama'a. Da ita ake kashe aure, da ita ake ɗaura wani. Da ita ake ficewa daga ikilisiya a je a buɗe sabuwa, da ita kuma mutum yake yanke wa kansa hukuncin cewa Allah ya juya masa baya, don kawai ya durƙusa ya yi addu'a bai ji komai ba. Wanda ya faɗe ta ba ya jiran amsa, domin wa zai shiga zuciyar wani ya ce masa ba haka ya ji ba? Ni ma ban ce ƙarya yake yi ba. Ya ji ɗin. Amma jin abu daban, kasancewar abin gaskiya daban, kuma a duk Sabon Alkawari ban ga wanda rayuwarsa ta fito da wannan bambanci fili kamar Manzo Bitrus ba.

A duba daren da aka kama Yesu. Sun gama cin Jibin Ƙetarewa, sun rera waƙa, sun nufi Dutsen Zaitun. A nan ne, kamar yadda Matiyu 26 ta kawo, Yesu ya shaida wa almajiransa cewa dukansu za su gudu su bar shi a wannan daren. Bai tsaya a kan faɗarsa kawai ba, sai da ya jawo musu abin da yake rubuce a Zakariya 13:7, cewa za a bugi makiyayi, tumaki kuma su watse. Wato nassi ya riga ya yi magana ɗaruruwan shekaru kafin a haifi kowa a cikinsu. Da me Bitrus ya amsa? Da abin da yake ji. Ya ce ko da kowa zai yi tuntuɓe, ban da shi. Da Yesu ya faɗa masa ƙarara cewa kafin zakara ya yi cara zai yi musun saninsa sau uku, sai ya ƙara cika baki, ya ce ko da za a kashe su tare ba zai yi musu ba. Markus ya ce da ƙarfi ya nanata maganar, sauran ma duk suka bi bayansa.

Masu wa'azi da yawa suna karanta wannan wuri kamar Bitrus mai fankama ne kawai. Ban yarda ba. Mutumin da ke fankama ba ya zare takobi a gaban taron sojoji da dogaran Haikali masu ɗauke da fitilu da makamai. Bitrus ya zare, ya kai sara, ya fille wa bawan babban firist kunnen dama. Yahaya har sunan bawan ya rubuta, Malkus. Ƙaunar da yake ji ta gaskiya ce, jarumtar ma ta gaskiya ce. Kuma abin lura, amsar da Yesu ya ba shi a wannan wuri ta sake komawa kan abin da aka rubuta: ya ce ya mai da takobi kube, in ba haka ba ta yaya Littattafai za su cika? Sau biyu ke nan a dare ɗaya ana nuna wa Bitrus nassi, shi kuma yana nuna zuciyarsa.

Bayan 'yan sa'o'i sai ga shi a farfajiyar gidan babban firist. Ana sanyi, bayi da dogarai sun hura wutar gawayi, shi ma ya matsa yana jin ɗumi a cikinsu. Baranyar da ke tsaron ƙofa ce ta fara tambayarsa. Daga baya wasu suka ce harshensa na mutanen Galili ya tona shi, har wani ɗan'uwan wanda aka yanke wa kunne ya ce ai ya gan shi a lambun. Mutumin da ɗazu ya tunkari makamai, yanzu tambaya kawai ta sa shi rantsuwa yana la'antar kansa wai bai san Yesu ba. Maganar ba ta gama fita daga bakinsa ba zakara ya yi cara. Luka ne ya ƙara abin da sauran ba su faɗa ba, cewa Ubangiji ya juyo ya dube shi, sai Bitrus ya tuna maganar da aka faɗa masa, ya fita waje ya yi kuka mai zafi.

Tsakanin faɗuwar rana da asuba, zuciyar mutum ɗaya ta ce masa shi jarumi ne, ta kuma ce masa ya ceci ransa ko ta halin ƙaƙa, kuma kowane lokaci ya gaskata ta. Abin da aka rubuta a Zakariya kuwa yana nan yadda yake, ko wasali bai motsa ba. Da aka ce zuciya mugun nama, ba a nufin kullum sharri take kitsawa. Wani lokaci alheri take nufi, amma ba ta san iyakar ƙarfinta ba.

Wannan ba shi ne karon farko ba. A yankin Kaisariya Filibi, Bitrus ya shaida cewa Yesu shi ne Almasihu, Ɗan Allah mai rai, aka yaba masa. Ayoyi kaɗan bayan haka, da Yesu ya fara bayyana cewa zai sha wahala a Urushalima a kashe shi, Bitrus ya ja shi gefe yana tsauta masa, wai Allah ya sawwaƙe, hakan ba zai taɓa faruwa ba. Tausayi ne ya sa shi, kuma tausayin ne ya jawo masa tsawatarwa mafi zafi da aka taɓa yi wa almajiri: aka kira shi Shaiɗan, aka ce tunaninsa na mutane ne. A kan dutsen da kamannin Yesu ya sāke kuwa, ganin Musa da Iliya ya sa ya ce a kafa bukkoki uku, Markus ya ce ya rasa abin faɗa ne saboda tsoro. Ƙauna, tausayi, kwarjini. Babu ko ɗaya a ciki da za a kira mugun ji. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a riƙa auna abin da mutum ya ji da cewa "ai da zuciya ɗaya yake". Bitrus ma da zuciya ɗaya yake.

Akwai ɗaya gefen da aka fi mantawa da shi, kuma a ganina ya fi kashe mutane a ɓoye. Zuciyar da ke ɗaga mutum ta ce ba zai taɓa faɗuwa ba, ita ce dai ke danne shi bayan ya faɗi ta ce tasa ta ƙare. A wannan daren mutum biyu ne suka ci amana, kuma dukansu sun ji zafin abin. Matiyu 27 ta ce Yahuza ya yi nadama, ya mayar da azurfa talatin ɗin, ya ce ya yi zunubi da ya ba da marar laifi, sa'an nan ya je ya rataye kansa. Nadamarsa ba ta jabu ba ce, amma ita kaɗai ya saurara. Bitrus kuwa an riga an ba shi wata magana tun kafin ya faɗi. A Luka 22:32 Yesu ya ce ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta gaza, in kuma ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Wanda ya faɗi faɗuwar shi ne ya faɗi tashin. In an gaskata rabin maganar na farko saboda ya cika, ba dalilin da za a ƙi gaskata rabin na biyu don kawai kunya ta lulluɓe mutum.

Sai a lura da yadda bakinsa ya sauya a gaɓar Tekun Tibariya bayan tashin Yesu daga matattu, inda aka sake hura wutar gawayi aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunar Ubangiji. Yahaya 21 ta ce ransa ya ɓaci a tambaya ta uku. Amma bai ƙara cewa ya fi sauran ba, bai yi alkawarin mutuwa ba. Cewa ya yi Ubangiji ya san kome, ya kuma san yana ƙaunarsa. Ya daina kafa hujja da abin da shi yake ji, ya koma kan abin da Yesu ya sani.

Na san za a ce wannan ra'ayi zai haifar da busasshen addini, na masu haddar ayoyi da ba sa hawaye ba sa murna. Ƙorafin yana da tushe, domin akwai irin waɗannan mutane, kuma zama da su ba daɗi. Sai dai Littafi Mai Tsarki bai taɓa neman a kashe zuciya ba. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, a Gatsemani kuma ya ce ransa na baƙin ciki har kamar ya mutu. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba a cire ta daga Littafin ba. Mai Zabura 42 ya faɗi duk damuwarsa, sa'an nan ya juya ya tambayi ransa dalilin karaya, ya umarce shi ya sa zuciya ga Allah. Wato ya saurari ransa, amma bai bar masa hukunci ba. Bitrus kansa a wasiƙarsa ta fari ya yi zancen farin ciki wanda baki ba zai iya faɗa ba. A ranar Fentikos ma, mutanen da suka saurare shi maganar ta soke su a zuci, har kimanin 3,000 suka karɓi baftisma. Amma me ya riga zuwa? Huɗubar da ya gina a kan annabcin Yowel da Zabura 16 da Zabura 110. Maganar ce ta ja gaba, motsin zuciya ya biyo ta.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi yana fitowa ne daga rayuwar Bitrus ɗin kansa, kuma duk mai cewa "nassi kawai" ya kamata ya tsaya a kansa. A Yafa, a kan soron gidan Saminu majemi, ya ga wahayin wani babban mayafi cike da dabbobi iri iri, aka ce ya yanka ya ci. Ya ƙi, ya ce bai taɓa cin abu marar tsarki ba. Sau uku ana maimaita abin. To, a nan ba zuciya tsirara ce ke magana ba, yana da aya a hannu: dokokin abinci na Littafin Firistoci sura 11. Ƙyamar da ya taso da ita tun yana yaro ta samu nassin da za ta fake a bayansa, kuma da an bar shi da bai taka gidan Karniliyas, hafsan sojan Roma a Kaisariya, ba. Wannan ya nuna riƙe aya ba ya nufin mutum ya kuɓuta daga son ransa. Shaiɗan ma da Zabura 91 ya jarrabi Yesu. Mutum yakan yanke shawara da fushi ko kwaɗayi ko ƙiyayyar wata ƙabila, daga baya ya buɗe Littafi yana neman wurin da zai sa masa hannu.

Yadda aka warware wannan batu shi ne darasin. Da 'yan'uwa a Urushalima suka tuhume shi kan cin abinci da marasa kaciya, bai ce musu "haka na ji" ya tashi ba. Ya ba da labarin daki daki, ya nuna 'yan'uwa shida da suka raka shi, ya kuma ce ya tuna maganar Ubangiji game da baftisma da Ruhu Mai Tsarki. A taron Urushalima na Ayyukan Manzanni 15, wajen shekara ta 49, bayan Bitrus da Bulus da Barnaba sun faɗi abin da suka gani, Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ya ɗauko annabcin Amos ya nuna cewa shigowar al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, abu ne da annabawa suka riga suka faɗa. Wahayi, da ganin ido, da al'ada, duk an kawo su gaban dukan Littafin, kuma a bainar jama'a aka auna, ba a ɗakin mutum ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka abu ne da ake koya sau ɗaya a gama. Bulus ya rubuta a Galatiyawa 2 cewa a Antakiya Bitrus yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai, amma da wasu suka iso daga wurin Yakubu sai ya janye jikinsa don tsoron masu ra'ayin kaciya, har Barnaba ya bi sahu. Wannan fa bayan Fentikos ne, bayan ya riga ya tsaya gaban majalisar Yahudawa ya ce wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Tsoron idon jama'a da ya kayar da shi a bakin wutar gawayi bai mutu ba, kwanciya ya yi. Bulus ya tsauta masa a gaban kowa, kuma da gaskiyar bishara ya auna shi.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. In akwai wanda ya isa ya tsaya a kan wannan, Bitrus ne: ya taka ruwa, ya ga ɗaukakar Yesu a kan dutse, ya shiga kabarin da ba kowa. Duk da haka, a 2 Bitrus 1:16-21, bayan an ambaci muryar da suka ji a tsattsarkan dutsen, ba a ce wa masu karatu su je su nemi nasu dutsen ba. Maganar annabawa aka nuna musu, aka ce su mai da hankali gare ta kamar fitila mai haske a wuri mai duhu. (Gaskiya ne tun zamanin Yusibiyus, masanin tarihin ikilisiya na ƙarni na 4, akwai masu tantama kan wanda ya rubuta wannan wasiƙa, ikilisiya dai ta karɓe ta a cikin Littafin, kuma wasiƙar fari ma a kan abu ɗaya ta tsaya, inda ta jawo Ishaya 40 cewa ciyawa na bushewa amma maganar Ubangiji tana dawwama.) Mutanen da aka aika wa wasiƙar fari suna warwatse ne a Fantas, Galatiya, Kafadokiya, Asiya da Bitiniya, yankunan da ke cikin Turkiyya ta yau. Ba su taɓa ganin Yesu da ido ba, suna kuma shan tsangwama saboda sunansa. Mutumin da ke cikin irin wannan hali, in aka ce ya dogara da yadda yake ji da safe, ba zai kai yamma ba.

A ƙarshen wasiƙa ta biyu an ambaci Bulus, mutumin da ya kunyata Bitrus a Antakiya, an kira shi ƙaunataccen ɗan'uwa, an kuma jera wasiƙunsa tare da sauran Littattafai. An yarda akwai wurare masu wuyar fahimta a cikinsu, aka kuma yi kashedi cewa jahilai da marasa tsayayyen hankali suna murɗe su, kamar yadda suke yi wa sauran nassosi, har su jawo wa kansu halaka.