Har yaushe za mu riƙa cewa nauyin baki ne?

Ranar da Abba ya fara cewa "ruwa" yana da shekara huɗu da wata uku. Ina kicin ina wanke shinkafa, ya zo ya ja gefen zanena, ya ɗaga shuɗin kofinsa, ya faɗi kalmar sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Na zuba masa ya sha, ya koma wajen motocinsa da ya jera a bakin ƙofa. Ni kuwa nan na durƙushe ina kuka. Na kira Inna a Bauchi ta WhatsApp, ta yi ta hamdala har muryarta ta sarƙe, sannan ta ce, "Ban gaya miki ba? Nauyin baki ne kawai. Kawunki ma sai da ya shekara biyar."

Ban yi mata musu ba, ranar murna ce. Amma maganar nan ta nauyin baki ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, don na ga abin da ta jawo a gidana, na kuma ga wanda ya fi shi a gidan 'yar kawuna.

Shekara bakwai ke nan muna zaune a Manchesta, ƙasar Ingila, a nan aka haifi Abba. Sunan surukina gare shi, shi ya sa ba na kama sunan. A ƙasar nan idan yaro ya shekara biyu zuwa biyu da rabi, ma'aikaciyar lafiya tana duba shi, da ɗan jan littafin da ake ba kowane jariri. Ba awon nauyi da tsawo kaɗai take yi ba. Matar ta zauna a kan kafet ta tambaye ni: idan kin kira sunansa yana waiwayowa? Yana nuna miki abu da yatsa don ke ma ki gani, ko sai dai ya ja hannunki zuwa wurin abin? Yana ɗaukar cokali ya ba 'yar tsana abinci? Yana haɗa ido da ke? Da ta zo kan ta ƙarshen raina ya ɓaci, na ce mata mu a wajenmu yaro mai tarbiyya ba ya zura wa babba ido.

Gaskiya na faɗa mata, kuma a nan matsalarmu take. Yawancin alamun farko na otizim, lalurar da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane, abubuwa ne da muke yabon yaro a kansu. Ba ya kallon idon mutane, mu ce kunya. Ya zauna shi kaɗai awa biyu yana juya tayar mota, mu ce mai haƙuri ne, ba shi da rigima. Ya haddace Ƙulhuwallahu da kiran salla kafin ya iya neman ruwa, kamar yadda Abba ya yi, mu ce malami za a yi. Sai ya kai shekara uku ko huɗu, ya ƙi gaida baƙi, ya fara ihu yana toshe kunne, sannan yabon ya koma zargi. A lokacin kuwa an riga an zubar da shekarun da ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ɗaukar koyo. Ni kaina wata takwas na yi ina jan ƙafa kafin na yarda a tura mu wurin ƙwararru, kuma ba abin da na riƙe sai kalmar Inna. Har gobe ina jin zafin watannin nan.

Kada wani ya ɗauka da an tura ka shi ke nan. Ƙa'idar ƙasar ta ce a fara binciken yaro cikin wata uku, mu wata goma sha tara muka yi a layi. Amma a cikin jiran nan an gwada jinsa aka tabbatar ba kurma ba ne, mai koyar da magana ta fara ganinsa, daga baya likitoci suka ba abin suna: otizim. Da sunan ne muka samu takardar da dokar ƙasar ta 2014 ta tanada, wadda ke tilasta wa ƙaramar hukuma ta ba yaro taimakon da aka rubuta masa a makaranta. Yanzu akwai malamar da ke zama kusa da shi a aji.

'Yar kawuna tana Bauchi, ɗanta ya girmi Abba da wata shida. Da muka je Babbar Sallah bara, na je gaishe ta na iske an rufe shi a uwar ɗaka saboda an ji baƙi za su zo. Ina jin sa yana buga ƙofa da tafin hannu, bugu ɗaya-ɗaya, irin wanda na sani. Na ce ta buɗe masa. Ya fito a kan 'yan yatsun ƙafa, yana kaɗa hannuwa kamar tsuntsu zai tashi, bai kalli kowa ba, ya wuce wajen randa yana wasa da murfin. Kamar Abba nake gani. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, babu inda ba mu je ba." An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi har ya samu tari. Makarantu biyu sun sallame shi. A Islamiyya an zane shi don ya ƙi zama a layi, tun daga nan ko hanyar ba ya yarda a bi da shi. Dangin miji sun ce su a zuri'arsu babu irin wannan, ta binciki nata gefen. Ta sayar da 'yan kunnenta na zinare a kan neman magani. Shekara shida, babu wanda ya taɓa yi mata tambayoyin nan huɗu da aka yi mini a kan kafet.

Ni ma ina yi wa ɗana addu'a, ina tofa masa Falaƙi da Nasi kowane dare, ba zan daina ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa uwa aljani ne, a karɓe mata kuɗi, a turara yaron da ƙanshin turare ma ke birkita shi, wani lokacin har a ɗaure shi. Kalmar da gidajen rediyo ke amfani da ita, galahanga, ta fi aljani da nisa, amma ita ma a bakin mutane ta zama buhu: yaron da ya samu rauni a ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, da wanda aka haifa da lalurar Down, da irin su Abba, duk ciki ake zuba su, alhali kowannensu da irin taimakon da yake buƙata.

Wata a gidan suna ta ce mini ai ciwon Turawa ne, can muka kwaso. Turawa dai sun riga mu rubuta shi. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 a faɗin duniya, a Amurka kuwa inda ake bincike sosai, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce 1 cikin 36 a rahotonta na 2023. Ko ƙiyasin farkon muka ɗauka, firamare mai ɗalibai 500 a Yelwa ko Fadaman Mada ya kamata a ce tana da kusan biyar. Idan ba a gan su a aji ba, to suna uwar ɗaka. An fi gano shi a maza fiye da mata, kuma bincike ya nuna gado na da babban hannu a ciki, daga kowane gefe zai iya fitowa, don haka a daina ɗora wa uwa. Batun cewa wai allurar rigakafi ce ke jawo shi kuma, wanda ya watsa wannan magana wani likita ne a Ingila a 1998, mujallar da ta buga bincikensa ta janye shi a 2010, aka kuma hana shi aikin likita. Mu da muka ga abin da dakatar da rigakafin shan inna ya jawo wa Arewa bayan 2003, bai kamata mu sake buɗe wa ƙyanda ƙofa da irin wannan ji-ta-ji-ta ba.

Duk da haka, idan aka ce mini "kin dace kina Turai", sai na rasa amsa. A Manchesta daga ni sai maigida, shi ma aikin dare yake yi. Lokacin sanyi ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Abba ya taɓa yin wata uku ba ya barci sai asuba, maƙwabci yana buga bango, babu wanda zan miƙa wa shi ko na minti goma in yi wanka. Makonni shida da muka yi a gidan Inna, a nan na fara barcin dare cikakke tun da na haife shi. Tsakar gida cike da 'ya'yan yayyena, tun suna tsoronsa har suka gane shi ba a ja masa hannu, sai dai a zauna kusa da shi a yi abin da yake yi. Wata 'yar shekara takwas ce ta koya masa karɓa-karɓa da murfin kwalba: nawa, naka, nawa, naka. Abin da mai koyar da magana ke yi da shi ke nan minti arba'in a mako, ga shi ana yi daga safe har magariba. Yaron da shekara biyu ba ya cin komai sai farar shinkafa da biskit, ya tsaya kullum da safe yana kallon mai masa a ƙofar gida, rana ta tara ya miƙa hannu. Ba miya, ba yaji, amma ya ci biyu.

Aski ma a Bauchi muka ci nasararsa. A Manchesta sai mutum biyu sun riƙe shi, ƙarar injin aski kamar ana huda masa kunne. Mai askin unguwarmu, dattijo, ya dube shi ya ajiye injin ya ɗauko almakashi. Ranar farko ya bar shi ya riƙe matajin kawai. Ta biyu ya yanke gefe ɗaya. Ta uku ya gama. Bai taɓa jin kalmar otizim ba, ya dai ce, "Hajiya, yaron nan ba a yi masa gaggawa."

Akwai kuma abin da ya wahalar da shi: janareta, lasifikar gidan biki, hon ɗin Keke Napep a hanyar kasuwar Wunti. Ranar hawan Sallah da 'yan bindiga suka fara harbi, ya faɗi ƙasa yana ihu yana dukan kansa, mutane suka kewaye mu, wata tsohuwa ta ce sangarta ce, mu bar mata shi wata guda da tsumagiya. Wannan birkicewar ba rashin kunya ba ce. Ƙarar da ni da ke za mu ji mu wuce, shi ciwo take yi masa. Abin da yake buƙata a cire shi daga wurin, a rage surutu, a jira.

Abin da ya tsaya mini a rai tun da na dawo shi ne, mafi yawan abin da ya taimaki Abba ba na'ura ba ne, ba kuma magani ba, don babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Sani ne. A gajarta magana: "Abba, takalmi", maimakon doguwar jimla. A jira ya amsa, kada a cika shi da tambaya. A sa komai a lokacinsa, kuma gidan Bahaushe da salloli biyar ya riga ya samu wannan tsarin. A nuna hoto kafin a yi abu. Ko Hausa da wasu suka ce in daina yi masa wai harshe biyu ke ruɗa shi, mai koyar da maganar cewa ta yi kada in kuskura, in yi masa yaren da ya fi sauƙi a bakina. Duk wannan zai yiwu a tsakar gida a Jahun ko Pantami ba tare da ko kwabo ba. Hannaye muna da su, waɗanda ni nake nema a nan ban samu ba.

Shi ya sa nake ganin wurin da ya kamata a fara shi ne layin rigakafi da awon yara a ƙananan asibitoci, inda uwa ke zuwa da ƙafarta. Ma'aikaciyar da ke ɗiga wa yaro magani za ta iya tambaya ko yana waiwayowa idan an kira shi, ko yana nuni da yatsa. Idan amsar a'a ce a wata goma sha takwas ko shekara biyu, a tura su gwajin ji, daga nan sashen yara na asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe. Wasu yaran suna haɗawa da farfaɗiya, ita kuwa tana da magani. Makarantu kuma su san cewa dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba waɗannan yara haƙƙin karatu. Jami'ar Jos, nan kusa da mu, ta daɗe tana yaye malaman ilimi na musamman, a ɗauke su aiki. Limamai kuwa, huɗuba ɗaya da za ta ce wa maza wannan yaron amana ne, ba abin kunya ba, kuma ba laifin matarka ba ne, za ta isa inda takardar asibiti ba ta isa.

Kafin mu taho na zauna da 'yar kawuna, muka ɗauki hoton kofinsa, da buta, da kwanon abincinsa, da ƙofar gida, aka wanke mana a wani shago, muka liƙa a kwali muka rataye a bangon ɗaki daidai tsawonsa. Na ce duk abin da za ta ba shi ta fara taɓa hoton ta faɗi sunan, kalma ɗaya. Wata biyu babu labari. Makon jiya ta kira ni da daddare, ba ko sallama, ta ce, "Yaya, ya ciro hoton butar da kansa ya kawo mini." An ba su ranar gwajin ji a wata mai zuwa, kuma mijin ya ce shi zai kai su.