Ƙungiyar masu kallon taurari: kafin ku sayi madubi, ku fara gyara fitila

Jama'a, duk ƙungiyar masu sha'awar kallon sararin sama da ta tattara ƙarfinta a kan sayen babban madubin hangen nesa, ta bar fitilun da ke kewaye da filinta suna watsa haske sama, ta fara gini ne daga rufi. Aikin madubi tattara haske, kuma bai san na tauraro ba, bai san na fitilar titi ba. Idan sama ta yi fari fat, abin da zai nuna maka ke nan.

Lamarin ya wuce wasa. Taswirar hasken dare ta duniya da aka fitar a 2016 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin wannan farin zanen taurari mai kama da hayaƙi da ya ratsa sama, wanda Turawa ke kira Milki Wei. Wani binciken na 2023, da aka gina a kan rahotannin masu kallo da ido a shirin Globe at Night, ya gano hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari duk shekara. Yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 saura 100. Abin yana da ciwo.

To daga ina za a fara? Daga awo. Ba a zuwa wurin hukuma da "sama ta yi haske" kawai, da lamba ake zuwa. Akwai ma'aunin duhun sama na Bortle da aka wallafa a 2001, daga 1, wato duhu na gaske, zuwa 9, wato tsakiyar birni. Akwai kuma ƙaramar na'ura ta hannu mai auna hasken sama, mai suna SQM. Lissafinta a juye yake: wajen 18 sama ce ta birni, 21.5 zuwa 22 sama ce mai kyau, kuma tazarar lamba ɗaya tana nufin ninki biyu da rabi na haske. A ɗaga ta saitin tsakiyar ka, a daren da babu wata babu gajimare, bayan shafaƙi ya gushe gaba ɗaya. A ɗauki awo huɗu ko biyar, a jefar da na farko, a rubuta rana da lokaci. Wuri ɗaya, duk wata, shekara guda. Littafin da aka rubuta wannan awon shi ne makamin ƙungiya.

Sai fitilun kansu, kuma a nan ne mutane da yawa suke yi wa masu kallon taurari mummunar fahimta. Ba wanda ya ce a bar titi cikin duhu. Abin da ake nema shi ne haske ya sauka inda ake buƙatarsa. Fitila mai kyau tana da hular da ta rufe ƙwan ta sama da gefe, fuskarta a kife tana kallon ƙasa, yadda ko ɗigon haske ba zai haura saitinta ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka tsaya daga nesa, in kana hango ƙwan yana soka maka ido, fitilar ba ta da kyau. Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen kafawa. A sayi fitila mai hula, sai mai ɗaurawa ya ɗaga bakinta sama wai don haske ya kai nesa. Shi ke nan, an ɓata ta. Hasken da ke fita kwance-kwance, ɗan sama da saitin fitila, shi ya fi ɓarna, domin yana ratsa iska mai nisa yana warwatsuwa, har ya dame samar mutanen da ke kilomita da dama daga wurin.

Launi ma yana da nasa. A jikin kwalin ƙwan LED akwai lamba mai harafin K. Mai 5000 ko 6500 fari ne mai shuɗi-shuɗi, shuɗin haske kuwa ya fi kowane warwatsuwa a iska, dalilin da ya sa ma sama take shuɗiya da rana ke nan. A nemi 3000 zuwa ƙasa. Mai 2700 ya fi, mai 2200 ruwan zuma ya fi duka. A haɗa da na'urar da ke kunna fitila in ta ji motsi, ko agogon da ke rage ta bayan tsakar dare. Masu cewa yawan haske shi ne tsaro, su gwada tsayawa gaban fitila mai kashe ido su duba abin da ke bayanta. Ƙwayar ido ta tsuke, inuwa ta ƙara baƙi, wanda ya laɓe a ciki yana ganinka kai ba ka ganinsa.

Wasu sun yi, kuma ya yiwu. Garin Filagstaf na jihar Arizona a Amurka ya kafa dokar fitilu tun 1958 don kare wuraren binciken taurari da ke wajen. A Tusan, a jihar dai, aka kafa ƙungiyar kare duhun dare ta duniya a 1988, wadda yanzu ake kira DarkSky International. Faransa ta fitar da doka a 2018 wadda ta ƙayyade launin fitilun waje da lokacin kashe na shaguna da ofisoshi.

Amma ƙungiya ba ta da bakin magana in ita kanta ba ta kiyaye duhu a filinta. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon fuskar waya sau ɗaya kuma ya isa ya mayar da kai baya. Don haka jar tocila kaɗai, ita ma mai rauni, domin ja mai ƙarfi yana lalata sabon da ido ya yi da duhu. Motoci su iso kafin magariba, su ajiye fuskarsu tana kallon hanyar fita. Koriyar leza ta nuna taurari ta zauna a hannun mutum ɗaya, in jirgin sama ya bayyana a kashe ta. A sa ranar fita cikin makon da wata ya ɓuya, don cikakken wata shi ma yana shafe sama.

Kayan aiki kuwa kada a yi zurfi. Tabaron hangen nesa mai ido biyu, 10x50, wato mai girmama abu ninki 10 da gilashi mai faɗin milimita 50, ya isa ya fito da Kaza da 'ya'yanta fiye da yadda ido ke ƙirgawa, ya nuna babban tarin taurarin Andiromeda mai nisan shekarun haske miliyan biyu da rabi. In za a sayi madubi, a sayi samfurin Dobson, wato bututun da ke zaune a kan akwati mai juyawa, mai faɗin milimita 150 ko 200. Ƙarfin girmamawa ana samunsa ne in an raba tsawon haskakawar madubin, wato nisan da ke tsakaninsa da inda yake tara haske, da na gilashin ido: 1200 a raba da 25 ya ba da 48, kuma da wannan za a ga zoben Zuhal da watanni huɗu na Mushtari. Kwalin da ya yi alkawarin ninki 600 a kan ɗan siririn bututu yaudara ce, iyakar mai amfani ba ta wuce ninki biyu na faɗin madubin a milimita ba. In hoto yana rawa, galibi madubin bai huce ba, a ajiye shi waje minti 30 zuwa awa ɗaya. In taurari sun fito da jela, saitin madubai biyun da ke cikin bututun ne ya goce. In komai ya dushe a hankali, raɓa ce, a busar da iska, kada a goge da riga. Rana kuwa ba a kallonta sai da matatar da aka yi don haka a bakin bututun, in ba haka ba ido zai tafi nan take.

Shawarata ga kowace ƙungiya: a daren da kuka buɗe wa jama'a, ku gayyaci mai fitilar da ta fi damunku, da jami'in da ke kula da fitilun titi. Ku nuna musu sama fitilar tana kunne. Sannan ku roƙi a kashe ta na minti 20, kowa ya zauna ido ya saba, a sake ɗaga SQM, a karanta musu lambobin biyu.