Asibitoci sun koma kwamfuta, amma har yanzu majinyaci ne ɗan aike

Asibitoci da dama a Najeriya sun bar folda sun koma ajiye tarihin majinyaci a kwamfuta. Abin a yaba ne, domin duk wanda ya taɓa tsayuwa a ɗakin kati tun hantsi har azahar ana neman foldarsa ya san wahalar da aka rage. Sai dai kowane asibiti ya sayi manhajarsa daga kamfanin da ya ga dama, kuma wannan ba ta iya karanta abin da waccan ta rubuta.

A ɗauki mai juna biyu da jijjiga ta kama a ƙaramin asibitin ƙauye. Ungozoma ta yi mata allurar magnesium sulphate, aka sa ta a mota zuwa babban asibitin jiha, wataƙila daga can a wuce asibitin koyarwa. Likitan da ya karɓe ta da tsakar dare yana bukatar ya san nawa aka ba ta, kuma da ƙarfe nawa. In ya ƙara kafin lokaci, maganin na iya danne mata numfashi. In ya jinkirta, jijjigar na iya dawowa. Abin da ke hannunsa bai wuce guntuwar takarda da aka rubuta a gurguje ba, in ma ta iso, sai mijin da ke cewa, "Likita, wallahi an dai yi mata allura." Asibitocin nan uku, ɗaya na ƙaramar hukuma ne, ɗaya na jiha, ɗaya na tarayya, kowa da kasafinsa da ɗan kwangilarsa. Haka mai sikila da mai ciwon suga ke sake biyan kuɗin gwajin da aka yi musu makon jiya.

Fasahar ba ta gagara ba. Akwai ƙa'idar musayar bayanan lafiya da ake kira FHIR, wadda ƙungiyar HL7 ta tsara, kuma ƙasashe da yawa sun ɗauke ta. Mu ma mun gwada abin a fannin cuta mai karya garkuwar jiki, inda manhajoji daban-daban ke tura bayanan majinyata zuwa rumbu guda na ƙasa. Manhajar DHIS2 da ma'aikatun lafiya ke amfani da ita kuwa alƙaluma take tarawa don masu tsara manufofi, ba ta gaya wa likita maganin da jikin wane ba ya karɓa.

A 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta fito da shirin haɗa harkar lafiya da fasahar zamani. Fatana kada a bi sawun Ingila, wadda ta soma gina katafaren tsari guda na bayanan majinyata a kwamfuta a 2002, ta watsar da shi a 2011, kuɗin da ya ci ya tasam ma fam biliyan 10. Kowa ya riƙe manhajarsa, amma kada a sa hannu a kwangilar kamfanin da manhajarsa ba ta bin ƙa'idar musaya. Amurka sai da ta yi doka a 2016 ta haramta wa kamfanoni da asibitoci toshe bayanan majinyata.

Masu tsoron fallasa suna da gaskiya, kuma a wurina nan ne nauyin yake. A garuruwanmu mai buɗe fayil kan zama maƙwabci ko ɗan'uwan kishiya, kuma sakamakon gwaji ɗaya ya isa ya kashe aure. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta riƙe sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Abin da ya rage shi ne hanyar kama mai leƙe. Istoniya, wadda ta haɗa bayanan asibitocinta tun 2008, tana ba kowane ɗan ƙasa damar ganin sunan duk wanda ya buɗe fayil ɗinsa. A sa wannan cikin sharuɗɗan kwangila tun ranar farko, tare da hukuncin da zai kai ga karɓe lasisi.

Idan kuma lambar NIN za a yi amfani da ita wajen tantance majinyaci, a tanadi wata lamba ta wucin gadi ga jarirai da mutanen karkara da ba su yi rajista ba, don kada a sallami kowa daga bakin ƙofa.