Jean Rouch ba ɗaukar hoto ya zo yi ya gudu ba

Wasu da sun ji sunan Jean Rouch sai su ce ai Bature ne kawai ɗan Faransa da ya zo Nijar ya ɗauki talakawa a kyamara ya je ya yi suna da su. Gaskiya ba haka abin yake ba. Shi fa injiniya ne, aikin hanya ya kawo shi Nijar a 1941, fim daga baya ya shigo.

Abin da ya sa nake ganin girmansa, in ya gama fim sai ya koma wurin mutanen ya nuna musu. A garin Ayorou da ke bakin kogin Neja ya nuna wa masunta fim ɗin farautar dorina, suka ce masa ya cire kiɗan da ya sa don kiɗa zai ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, kuma wallahi ya ɗauki gyaran, bai ce su wa suka san fim ba.

Oumarou Ganda ɗan Nijar ma a fim ɗin Rouch na 1958 ya fara fitowa, ya zo ya zama babban darakta da kansa.

Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, a Yamai aka binne shi.